Yadda ake yin giyar Amarone ta Valpolicella, da yadda ake kai ta tebur

Amarone jar giyar inabi ce daga Valpolicella, wasu kwaruruka da tuddai da ke arewa da birnin Verona a yankin Veneto na ƙasar Italiya, gabas da tafkin Garda, a gindin duwatsun Lessini. Abu ɗaya ne ya raba ta da yawancin jajayen giya: ba a matse inabinta ranar da aka tsinko shi. Sai an shanya shi a inuwa wata uku zuwa huɗu, ya tsotse, ya yamutse, ya zubar da sulusin nauyinsa ko fiye, sannan a taɓa shi. Ƙarfinta, kaurinta, tsadarta, har da irin abincin da take so, duk daga wannan ruwan da ya fita suka samo asali.

Musulmi ba ya shan ta, kuma a jihohin Najeriya da ke bin shari'a doka ta hana sayar da giya. Amma mai aiki a kicin ko a tebur a manyan otal-otal na Abuja, Legas, Yamai ko Akara yana cin karo da wannan kwalbar, kuma ana zuba ta cikin tukunya a girkin Italiya. Sanin abin da ke ciki yana cikin aikinsa, ko don ya iya gaya wa baƙon da ba ya sha gaskiyar abin da ke cikin farantinsa.

Wurin da inabin

Ba ko'ina a Italiya ake da ikon kiran giya Amarone ba. Doka ta shata iyaka. Tsohon yankin, wanda ake rubuta wa Classico a jikin kwalba, garuruwa biyar ne: Negrar, Marano, Fumane, Sant'Ambrogio da San Pietro in Cariano. Gabas da su akwai kwarin Valpantena, sai kuma kwaruruka irin su Mezzane da Illasi. Gonakin da suka fi daraja suna kan gangaren tuddai, an yi musu hawa-hawa da katangun dutse waɗanda ba a sa musu siminti, mutanen wurin suna ce musu marogne. A kan tudu iska tana ratsa kuringa, raɓa ba ta daɗewa, ƙasa ba ta riƙe ruwa. Inabin fadama yakan cika ruwa, kuma wanda ya cika ruwa ba ya jure shanya.

Ba iri ɗaya ake amfani da shi ba, gauraye ake yi. Uwar tafiyar ita ce Corvina, wadda ake danganta sunanta da hankaka saboda baƙinta. Fatarta tana da kauri, ruwanta yana fita a hankali, kuma ita ke ba da ƙamshin ceri, wani ƙaramin jan ɗan itace mai ɗan tsami, wanda aka san giyar Valpolicella da shi. Doka ta ce Corvina da ɗan'uwanta Corvinone su zama kashi 45 zuwa 95 cikin ɗari. Corvinone ƙwayarsa ta fi girma, nononsa ya fi tsawo, yana da ɗan yaji-yaji a hanci, amma ba ya nuna lokaci ɗaya: a nono guda sai ka ga baƙar ƙwaya kusa da wadda ba ta gama juyawa ba, shi ya sa yake bukatar mai tsinka mai ido. Rondinella kashi 5 zuwa 30 ce. Ba ta da wani ƙamshi na a zo a gani, amma ba ta cika ruɓewa ba, ita ce ke fitar da manomi kunya a shekarar da ruwa ya yi yawa. Akwai Molinara, mai hasken launi da tsami, wadda fatarta take kamar an barbaɗa mata gari. Da dole ce a saka ta, yanzu ganin dama ce. Sai Oseleta mai ƙananan nonna, wadda ta kusa ɓacewa aka farfaɗo da ita, ana saka kaɗan don ƙara duhu da bauri.

Tsinka

Ana tsinka daga cikin Satumba zuwa Oktoba, kuma da hannu, da almakashi. Inji ba shi da wuri a nan. Ba kowane nono ake ɗauka ba. Wanda ake nema shi ne mai sarari tsakanin ƙwayoyinsa, wanda idan ka ɗaga shi haske yana ratsawa. Nono mai cunkoso yana ɓoye danshi a tsakiya, can fumfuna ke fara cin sa ba tare da an gani ba. Ƙwaya ɗaya da ta fashe, ko tsuntsu ya tsage ta, ko ƙanƙara ta buge ta, a yanke ta nan take a gona. Abin da ya rage a kuringa bayan zaɓen shi ake yin Valpolicella ta yau da kullum da shi.

Ana tsinka kafin inabin ya nuna ligis, yana da sauran tsaminsa. Dalili shi ne zaƙi zai ƙaru da kansa a wurin shanya, amma tsamin da ya tafi a gona ba ya dawowa, kuma giya mai ƙarfi haka idan ba ta da tsami sai ta kwanta a baki kamar kunun da ya huce. Ba a tsinka da raɓa, ba a tsinka bayan ruwa sai ganye ya bushe.

A gonar ake jera nonnan cikin akwatuna marasa zurfi masu huda-huda, na katako ko na roba, kilo biyar zuwa bakwai a kowanne, shimfiɗa ɗaya tak. Ba a ɗora wani kan wani. A cikin wannan akwatin inabin zai zauna har ranar matsa, don duk taɓawa rauni ce.

Shanya, inda aikin yake

Ɗakin shanya sunansa fruttaio, aikin kuma appassimento. A da, saman bene ne na gidan gona mai manyan tagogi, ana shimfiɗa inabin a kan asabarai na gora ko kara da ake kira arele, an jera su bisa katako hawa-hawa. Har yau wasu gidaje suna haka. Yawanci dai yanzu manyan rumfuna ne, an tara akwatuna bisa juna da tazara, ga manyan fankoki, ga na'urar tsotse laima.

Wanda ya saba ganin shanyar tumatir da tattasai a bakin titi lokacin hunturu zai ce ai wannan aikin kwana biyar ne. Ba haka ba ne. Rana da zafi suna ba da zabibi, mai ɗanɗanon abin da aka dafa. Abin da ake so a nan shi ne ƙwayar ta ci gaba da rayuwa tana zubar da ruwa kaɗan-kaɗan cikin sanyi, kwana 100 zuwa 120. A wannan tsakanin wani ɓangare na tsaminta mai kaifi yana raguwa, sukari yana taruwa, ƙamshi yana juyawa daga ɗanyen ceri zuwa busasshen ɓaure, koko da kayan yaji. Shi ya sa dokar Amarone ta yarda da fanka da na'urar laima, amma ta hana busarwa da zafi.

Makon farko da na biyu su ne masu haɗari. Tsinken nono yana ɗanye, ƙwaya tana cike, yanayi bai gama sanyi ba. A wannan lokacin fanka ba ta hutawa, har sai tsinken ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Bayan nan sai a sassauta. Laima ana so ta tsaya wajen kashi 60 zuwa 70. Ranar da busasshiyar iska ta sauko daga duwatsu, a buɗe tagogi. Ranar da hazo mai danshi ya taso daga fili, ko ruwa ya sauka, a rufe ruf a kunna na'ura. Tsofaffin ɗakunan shanya ba banza aka gina su a kan tudu ba, gudun wannan hazon ne.

Kowane 'yan kwanaki sai an zaga. Ana duba akwati-akwati, ana sunsunawa. Abu biyu ake farauta. Na farko fumfuna mai launin toka, wadda ke fitowa kamar auduga a kan ƙwaya ta bazu zuwa maƙwabta. Idan ta shiga giya sai ta ba ta warin rufaffen ɗaki, ta kuma kashe mata launi. Abin mamaki, wannan fumfunar ce dai, idan ta zauna a cikin ƙwaya ba ta fito waje ba, take ƙara wa giya santsi da laushi, kuma wasu gidaje suna maraba da kaɗan daga cikinta, wasu kuwa ba sa son ko ɗigo. Na biyu shi ne ruɓa mai tsami, wadda ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace ke yaɗawa. Alamarta warin khal, wato ruwan tsamin da ake kira vinega. Duk nonon da ya nuna ɗayan biyun, a fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, kada a ajiye shi a gefe.

Ana sanin inda aka kai da sikeli. A ware wasu akwatuna a auna su ranar farko, a riƙa maimaitawa kowane mako. Idan kilo 100 ya koma 60 zuwa 70, an iso. Ƙwayar a lokacin ta yamutse kamar fatar tsoho amma ba ta bushe ƙarau ba. Ka matsa ta, ruwa mai kauri mai danƙo zai fito. A ƙa'ida ba a matsa kafin 1 ga Disamba, sai dai in hukumar yankin ta matso da ranar saboda yanayin shekarar. Masu haƙuri sukan kai Janairu, wasu har Fabrairu.

Lissafin da ke bayan tsadar ke nan. Daga kilo 100 na ɗanyen inabi, giya ta yau da kullum takan ba da wajen lita 70. Amarone doka ba ta yarda ta wuce lita 40 ba. Wato kwalba ɗaya mai mililita 750 ta cinye kusan kilo biyu na zaɓaɓɓen inabi, ban da wata huɗu na wutar lantarki da tsaro.

Matsa da tsimawa

Ana cire tsinke, duka ko yawancinsa, a murƙushe ƙwayar a hankali yadda ƙwallayen ciki ba za su fashe ba, don su ne matattarar ɗaci. A zuba ruwan da fatun tare cikin tanki. Launi da bauri a fata suke, ruwan inabin kansa kusan fari ne.

Yanzu sai yis ya ci sukari ya mai da shi barasa. Kimanin giram 17 na sukari a lita shi ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, don haka giyar da za ta kai kashi 16 tana bukatar wajen giram 270 a lita. Wannan kaya ne mai nauyi ga yis. Ga tsakiyar hunturu, tanki ya yi sanyi. Ga sukari ya yi yawa har yana tsotse ruwan jikin yis ɗin. Ga barasar da yake haifarwa tana kashe shi idan ta taru. Shi ya sa ake zaɓen yis mai jure sanyi da ƙarfi, a ɗan ɗumama tankin don ya tashi, sannan a bar shi ya yi tafiyarsa. Sauran jajayen giya sukan gama cikin mako ɗaya ko biyu. Amarone takan ɗauki kwana 30 zuwa 50.

Fatun suna tasowa sama su yi tauri kamar hula. Kullum sai an jiƙa su, ko a zuƙo ruwan ƙasa da famfo a watsa a kai, ko a danna su ƙasa. Idan aka bari suka bushe, ƙwayoyin cutar da ke yin khal sun sami gida.

Babban abin tsoro shi ne tsimuwar ta tsaya a hanya, sukari bai ƙare ba. Yakan faru idan sanyi ya yi yawa, ko yis ya rasa abincin da yake bukata, ko zafi ya hau farat ɗaya. Maganin shi ne aune kullum: ma'aunin kauri da na zafi. Idan kauri ya kwana biyu bai sauka ba, a ɗumama kaɗan, a ba shi iska, in ya ƙi a tayar da sabon yis a gefe a saba masa da giyar kaɗan-kaɗan kafin a juye shi ciki.

A nan hanya ta rabu biyu. Idan aka tsayar da yis da gangan, da sanyi da tacewa, sukari ya rage da yawa, an sami Recioto, mai zaƙi. Ita ce tsohuwar. Tun ƙarni na 6 Cassiodorus, wazirin sarki Theodoric na Italiya, ya yabi giyar busasshen inabi ta ƙasar Verona. Idan aka bar yis ya cinye kusan duka, an sami Amarone, daga kalmar amaro, wato ɗaci, ba don tana da ɗaci kamar maɗaci ba, sai don an gwada ta da 'yar'uwarta mai zaƙi. Mutanen Negrar suna ba da labarin wata gangar Recioto da aka manta da ita a 1936 ta tsimu har ƙarshe. Sayar da ita da sunanta ya kankama ne a shekarun 1950, ta shiga dokar DOC, mai kare sunan giya da yankinta, a 1968, ta hau DOCG, matakin ƙoli na wannan dokar, a 2010.

Tuƙar da ta rage ba a zubarwa. Ana juye Valpolicella ta yau da kullum a kanta ta sake tsimuwa 'yan kwanaki, ta ɗebi launi da kauri. Wannan ita ce Ripasso. Tana da kyau, ta fi araha, amma ba Amarone ba ce, kuma wanda ya kawo ta a madadinta ya cuci baƙo.

Ganga da kwalba

Doka ta ce a tsufar da ita aƙalla shekara biyu, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun da ya biyo bayan girbi. Wadda aka rubuta wa Riserva shekara huɗu ce, daga 1 ga Nuwamban shekarar girbi. Ƙarfinta ba ya gaza kashi 14. Yawanci za ka ga 15 zuwa 16 da rabi.

Salo biyu ne. Gidaje irin su Bertani da Quintarelli sun shahara da manyan gangunan katakon oak na Slavonia da ke ƙasar Kuroshiya, tsofaffi, waɗanda ba sa ba giya ɗanɗanon katako sosai, kuma suna riƙe ta shekaru da yawa fiye da abin da doka ta nema. Giyarsu takan fi haske, ta fi bushewa a baki, wato zaƙinta kaɗan ne. Wasu, irin su Dal Forno a Illasi, suna amfani da ƙananan sababbin ganguna masu lita 225, giyar ta fito baƙa wuluk, mai kauri, mai ƙamshin katako. Kowanne da masoyansa, amma a tebur, tare da abinci, salon farko ya fi sauƙin zama. A kowane hali ganga tana shan giya, sai an riƙa cike ta, in ba haka ba iska ta shiga ta lalata saman.

Idan kwalba ta zo hannunka, duba abu huɗu: cikakken suna Amarone della Valpolicella, siririyar takardar gwamnati mai lamba da DOCG a wuyanta, shekarar girbi, da ƙarfin barasa. Shekara tana da muhimmanci. A 2014 ruwa ya yi yawa har wasu manyan gidaje suka ƙi fitar da Amarone. 2015 da 2016 sun yi kyau.

Ajiya da buɗewa

Zafi ne ke kashe yawancin kwalaben da ke isowa ƙasashenmu, tun a kwantena a tashar jirgin ruwa. Wurin ajiya ana so ya tsaya digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, da duhu, kwalba a kwance don toshiyar bakinta ta zauna a jiƙe. Hawa da saukar zafi, irin na ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ya fi tsayayyen ɗumi ɓarna. Kafin ka karɓi kaya, shafa bakin kwalbar. Idan toshiyar ta turo sama, ko ka ga busasshen jan layi ya gangaro ta ƙarƙashin murfin, zafi ya dafa ta.

Ana zuba ta a digiri 16 zuwa 18. Maganar Turawa ta cewa jar giya a zafin ɗaki ake shan ta, ɗakin Turai suke nufi. A digiri 30 Amarone barasa kawai take hurawa a hanci. Idan kwalbar ta ɗumama, minti 30 zuwa 40 a firiji ya isa. Kada a saka mata ƙanƙara.

Kwalba mai shekara goma ko fiye takan tara guggubi. A tsayar da ita tsaye kwana ɗaya kafin a buɗe. Yanke murfin ƙasa da leɓen kwalba, goge, kafa mabuɗin a tsakiyar toshiyar, murɗa ba tare da ka huda ta har ƙasa ba, ja a hankali ba ƙara. Sai a juye cikin tulun gilashi, da kyandir ko fitilar waya a ƙarƙashin wuyan kwalbar. Da ka ga duhu ya iso wuya, tsaya. Sabuwa mai shekara huɗu zuwa takwas tana son tulu mai faɗin gindi da awa ɗaya zuwa biyu ta sha iska. Tsohuwa sosai ba ta son haka, minti 20 zuwa 30 ya ishe ta, fiye da haka ƙamshin ya gudu.

Hanci ke gane lalatacciya. Warin jiƙaƙƙen kwali, toshiya ce ta ɓata ta, kuma ba ya fita ko an jira. Warin khal ko na ruwan goge farce mai ƙarfi, tsimuwa ce ta ɓaci, ko da yake ɗan kaɗan daga cikinsa ba baƙo ba ne a tsohon salo. Launin ruwan ƙasa da warin ruɓaɓɓen tuffa a kwalbar da ba ta tsufa ba, iska ce ta shiga.

Kofi babba ake so, mai ciki, a zuba sulusinsa. Mililita 125 shi ne awo, kwalba ta ba da shida. A ƙarfin kashi 16, kofi ɗaya yana ɗauke da mililita 20 na tsantsar barasa, kuma laushinta yana ɓoye hakan. Ruwan sha ya kasance a tebur, kuma wanda zai tuƙa mota ba a cika masa. Abin da ya rage a toshe a saka firiji. Yakan kai kwana uku.

Abin da take so a faranti

Bauri, irin wanda ɗanyen goro ke bari a harshe, maiƙo da nama ke kwantar da shi. Kauri kuma sai da abinci mai kauri. Don haka abokan Amarone su ne naman da aka daɗe ana dafawa, naman daji, agwagwa, haƙarƙarin sa, da tsohon cuku mai gishiri irin Parmigiano Reggiano ko Monte Veronese da ya kwana biyu. A Verona ana cin ta da pastissada de caval, dahuwar naman doki cikin giya da albasa, da kuma dafaffen nama da miyar pearà, wadda ake yi da garin burodi, ɓargo, romo da masoro mai yawa.

Kifi, salak da soyayyen ƙwai ba su da ƙarfin tsayawa gabanta. Kifi ma yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Kayan zaƙi suna sa ta yi ɗaci, wannan wurin Recioto ne. Barkono kuwa shi ne babban abokin gaba. Barasa tana hura zafin attaruhu, attaruhu yana hura zafin barasa. Baƙon da ya nemi tsire mai yaji ko farfesu tare da ita, a gaya masa gaskiya. Balangu ko gasasshen rago da gishiri da albasa kawai, yajin a gefe, shi ya fi dacewa.

Girki biyu ne aka fi sanin ta da su. Na farko risotto all'Amarone, na mutum huɗu: shinkafar Vialone Nano giram 320, wadda ake nomawa wajen Isola della Scala kudu da Verona; Amarone mililita 350; romon nama lita ɗaya yana tafasa a gefe; ƙaramar albasa ɗaya; bota giram 50; gurzajjen cuku giram 70. Ba a wanke shinkafar, garin jikinta shi ke ba da yauƙi. A soya albasa da rabin botar a wuta kaɗan har ta yi laushi ba ta yi ja ba. A zuba shinkafa a juya minti biyu har ta yi zafi a hannu. A ɗumama giyar tukuna. A zuba ta sau biyu ko uku, kowane sai ya tsotse. Daga nan romo, ludayi ɗaya bayan ɗaya, ana juyawa, minti 16 zuwa 18 gaba ɗaya. A sauke, a zuba sauran bota mai sanyi da cuku, a buga da ƙarfi, a rufe minti ɗaya. Idan ya yi ɗaci, an zuba giyar gaba ɗaya a wuta mai ƙarfi ta ƙone a gindin tukunya.

Na biyu brasato. Kafaɗar sa kilo ɗaya da 'yan kai, dunƙule guda, mai jijiya a tsakiya. A jiƙa ta awa 12 a firiji cikin kwalba ɗaya, da karas biyu, albasa biyu, seleri, kanumfari uku da ɗan guntun kirfa. A tsame a goge ta bushe sarai, in ba haka ba ba za ta soyu ba, sulala za ta yi. A soya kowane gefe ya yi ja, a zuba kayan lambun, a juye giyar, a rufe, a bar ta awa uku a wutar da ruwan ke motsi kawai ba ya tafasa. Tafasa mai ƙarfi tana sa nama ya yi zare-zare ya bushe. A niƙa kayan lambun cikin romon, a yanka naman a gicciye, a kai shi da polenta, wadda tuwon masara ce mai ɗan ruwa-ruwa. Gidajen abinci da yawa suna dafawa da Ripasso su ajiye Amarone don kofi, kuma bayan awa uku a wuta kaɗan ne ke iya bambancewa.

Dahuwa ba ta kore barasa duka. Bayan minti 15 ana tafasawa wajen kashi 40 na abin da aka zuba yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai sauran kusan kashi 5. Don haka duka girkin biyu sai an rubuta a takardar abinci cewa da giya aka yi su, kuma idan baƙo Musulmi, ko mai juna biyu, ko mai shan magani ya nuna su da yatsa, a faɗa masa kafin a kai odar kicin.